Yadda ake gane jariri ya galabaita a ciki lokacin naƙuda, da abin da ake yi kafin a kai babban asibiti

Wannan bayani na ungozoma ne da nas da duk ma'aikaciyar lafiya da ke karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin ƙauye a jihar Sakkwato, inda babu ɗakin tiyata, babu likita a kusa, wani daren ma sai da tocila ake aiki. A irin wannan wuri aikinki shi ne ki gane matsalar da wuri, ki sassauta wa jaririn, sannan ki fitar da shi idan ya iso, ko ki kai uwar inda za a fitar da shi. Tsakanin jin alamar farko da tashin mota ana iya rasa jariri.

Jariri a ciki ba da huhunsa yake shan iska ba. Iskar tana zuwa masa daga jinin uwa, ta ratsa mabiyiya, ta bi cibiya. Duk sanda mahaifa ta murɗa, jijiyoyin da ke kai jini mabiyiya sukan matse, jinin ya ragu, sai ciwon ya lafa sannan ya dawo. Lafiyayyen jariri yana jure wannan kamar mai nutso a gulbi, ya nutse ya taso ya shaƙi iska. Idan hutun da ke tsakanin ciwo da ciwo ya gajarta, ko jinin uwar ya yi ƙasa, ko mabiyiya ta fara ɓamɓarewa, ko cibiya ta danne, to ya nutse ke nan bai samu tasowa ba. Zuciyarsa ce ke fara faɗa miki.

Tun daga bakin ƙofa

Yawancin matanmu a gida suke fara naƙuda, kuma ba a kawo su sai abin ya daɗe. Mai cikin fari kan ɓoye ciwon saboda kunya, ta kwana ta yini ba ta faɗa wa kowa ba. Don haka idan aka ce miki «ɗazu ta fara», ki ja ta gefe ki tambaye ta a hankali: yaushe mara ta fara murɗawa, yaushe faya ta fashe, wane launi ruwan ya zo da shi, yaushe rabonta da jin motsin yaron, an ga jini ko ba a gani ba.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce me aka ba ta. Ki yi ta ba tare da faɗa ba, domin idan kika ɗaure fuska ƙarya za a yi miki. Akwai jiƙe-jiƙen sa naƙuda, akwai allurar ƙarin naƙuda da wani mai kemis kan yi a gida, akwai kuma ƙwayoyin misoprostol. Tun 2013 aka fara raba ƙwayoyin misoprostol, guda uku ga kowace mai ciki, a ƙauyukan Sakkwato don tsayar da zubar jini, kuma sun yi amfani sosai, amma bayan jariri ya fito ake shan su. Idan mace ta sha su yaro na ciki, mahaifa takan murɗe ba hutu, ta shaƙe yaron, wani lokaci har ta fashe.

Akwai waɗanda ba a jira alama a kansu, tun a lokacin ake tura su muddin haihuwar ba ta riga ta iso ba: wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, mai tagwaye, wadda ɗanta ya zo a zaune ko a gicciye, wadda cikinta bai kai mako 37 ba, mai zubar jini, mai hawan jini, mai sikila, wadda idonta da tafin hannunta suka yi fari fat don rashin jini, da wadda fayarta ta fashe fiye da awa 18 ko jikinta ya kai zafin digiri 38.

Sauraren zuciya

Ki fara lalube cikin da hannu biyu ki gano inda bayan yaron yake, gefen da ya yi santsi da tauri, ba gefen da ake jin gwiwoyi da ƙafafu ba. Ta bayansa, kusa da kafaɗa, sauti ya fi fita. Idan kai ne a ƙasa, za ki ji shi ƙasa da cibiyar uwar, dama ko hagu. Idan a zaune yake, sama da cibiya. Yayin da kai ke sauka, wurin sauraren ma yana sauka yana matsowa tsakiya, har ya dawo dab da ƙashin mara.

Idan ƙahon sauraro kike amfani da shi, ki ɗora faffaɗan bakinsa a kan ciki, ki manna kunnenki a ɗaya gefen, ki danna da kanki, sannan ki cire hannunki daga jikinsa. Hannu a kan ƙaho yana kashe sauti. Ki sa a yi shiru a ɗakin. Idan dofla ce, wato ƙaramar na'urar sauraro mai batiri, ki shafa man, ki tabbata batirin bai yi sanyi ba, kuma kada ki yarda da lambar da ke fuskarta ita kaɗai: takan ninka bugun, takan raba shi biyu, takan kuma kama na uwar.

A nan ne kuskure mafi haɗari yake. Duk lokacin da kike sauraro, yatsunki biyu su kasance a kan jijiyar wuyan hannun uwar. Idan abin da kunnenki ke ji yana tafiya daidai da abin da yatsunki ke ji, uwar kike saurare. Mace mai zazzaɓi ko wadda ta zubar da jini, bugunta kan kai 120, sai ma'aikaciya ta rubuta «120, lafiya lau» alhali na yaron ya faɗi 80 ko ya tsaya. Haka kuma akwai wani sauti mai kama da hura iska, shuu shuu, wanda jinin mahaifa ke yi. Shi ma da bugun uwa yake tafiya. Na jariri sauri gare shi, tik-tik tik-tik, kamar agogon hannu a ƙarƙashin matashin kai.

Ki ƙirga da agogo mai hannun daƙiƙa, minti ɗaya cur. Ƙirga daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu yana ɓoye faɗuwar da kike nema. Lokacin sauraren ma yana da ƙa'ida: ki fara tun ciwon yana kai, ki ci gaba aƙalla daƙiƙa 30 bayan ya lafa. Wadda ke jira sai mace ta huta sarai sannan ta ɗora ƙaho, sau da yawa lamba mai kyau za ta ji, domin yaron ya riga ya farfaɗo.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018 ita ce a saurara duk minti 15 zuwa 30 idan naƙuda ta kankama, wato daga buɗewar santimita 5, sannan duk minti 5 idan an fara yunƙuri. Ki ƙara da sauraro nan take bayan faya ta fashe, da bayan kowane gwajin ciki. Kowace lamba ki rubuta ta a fatograf, wato takardar bin tafiyar naƙuda, a lokacin da kika ji ta, da ƙarfe nawa. Fatograf da aka cike bayan an haihu bai ceci kowa ba.

Abin da lambar ke faɗi

Daidai shi ne 110 zuwa 160 a minti. Ƙasa da 110 ko sama da 160 gargaɗi ne, ki tsawaita sauraro har ciwo uku a jere. Ƙasa da 100 ko sama da 180 gaggawa ce. Idan ya faɗi ƙasa da 100 ya zauna can fiye da minti uku bai taso ba, kada ki tsaya sake ƙirga, ki kira taimako.

Ba kowace faɗuwa ce ta tashin hankali ba. Idan bugun ya ɗan sauka tare da ciwo, ya dawo kafin ciwon ya gama lafawa, galibi matsewar kai ce, musamman kusa da haihuwa. Wadda ke tsorata mu ita ce mai zuwa a makare: ciwo ya kai ƙarshe, ciki ya yi laushi a ƙarƙashin hannunki, amma bugun sai lokacin yake sauka, ko ya daɗe bai koma inda yake ba. Wannan mabiyiya ce ta gaza. Idan ya maimaita ciwo bayan ciwo, ko da tsakaninsu yana komawa 140, yaron yana cikin wahala.

Ki kuma duba tafiyar lambobin a takarda. Jaririn da ya fara da 130, bayan awa biyu 145, yanzu 158, duk cikin iyaka yake, amma hawa yake yi. Hawan da ya kai 20 daga inda aka fara abin bincike ne. Ki auna zafin jikin uwar, ki duba harshenta da launin fitsarinta. A bazarar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafi na wuce digiri 40, kuma macen da ta yini tana naƙuda a ɗakin kwano ba ta sha ruwa ba, ita da ɗanta duk zuciyarsu gudu za ta yi. Zazzaɓin cizon sauro ma haka yake yi, don haka ki yi gwajin yatsa.

Ruwan faya

Ki sa mata farin ƙyalle mai tsabta ko auduga, ki duba da haske mai kyau, domin a kan zanen atamfa ba a ganin launi. Ruwa garai ko mai ɗan fari-fari lafiya ne. Mai ɗan kore tsararo, idan bugun zuciya daidai yake, ba shi kaɗai ke nuna galabaita ba, amma daga nan sauraro ya koma duk minti 15. Kore mai duhu, mai kauri kamar miyar kuka, mai gudaji-gudaji da ke maƙalewa a safar hannu, wannan yaro ya yi kashi a cikin ɗan ruwan da ya rage masa, kuma zai iya shaƙar sa. Idan ya haɗu da bugun da ba daidai ba, babu sauran jira. Jini a ruwan, tare da ciki mai tauri kamar katako wanda ba ya saki, alamar mabiyiya ta ɓamɓare ce. Ruwa mai wari ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Idan kuwa faya ta fashe amma ba ruwan da ke fitowa ko kaɗan, kada ki ɗauka lafiya ce, kai na iya toshe hanya kashin yana baya.

Jaririn da ya zo a zaune yakan yi kashi sa'ad da yake fitowa saboda matsewar cikinsa, wannan daban ne, sai fa idan tun farkon naƙuda aka gan shi.

Minti goman farko

Da zarar kin ji abin da bai kwanta miki ba, ki kira abokiyar aiki, ki duba agogo ki rubuta lokacin. Ki juya matar ta kwanta a gefen hagu. Kwanciyar rigingine tana sa nauyin mahaifa ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, kuma sau da yawa juyawar nan kaɗai ke dawo da bugun. Idan bai gyaru ba, ki gwada gefen dama ko ta durƙusa.

Idan akwai oksitosin, maganin da ke sa mahaifa murɗawa, a cikin ruwan da ke shiga jikinta, ki rufe, ki cire ledar da robarta gaba ɗaya, domin abin da ya rage a cikin robar ma magani ne. Ki ɗora hannu a ciki ki ƙirga ciwo na minti goma. Fiye da sau biyar, ko kowanne yana wuce minti ɗaya ba hutu a tsakani, mahaifa ta yi wa yaron yawa.

Ki sa kanula, wato allurar ƙarin ruwa, mai faɗi, lamba 16 ko 18, ki ba ta ta jijiya ruwan Ringa ko ruwan gishiri na leda mililita 500 da sauri. Amma ki auna jininta tukuna. Mai hawan jini da kumburi, ko mai tsananin rashin jini da ke haki, ruwa da sauri zai cika mata huhu, a hankali ake ba ta. Idan jinin ya kai 160 bisa 110, ko tana ciwon kai da ganin duhu-duhu, jijjiga na kusa: ki ba ta allurar magnesiyam ta farko yadda ƙa'ida ta tanada kafin ku tashi. Mai zazzaɓi a ba ta farasitamol giram 1, a shafa mata ruwa. Idan ga zazzaɓi ga ruwa mai wari, ampisilin giram 2 ta jijiya da jentamaisin miligiram 5 ga kowane kilo na nauyinta. Iskar oksijin, idan akwai, ta uwar da ke wahalar numfashi ce. Kada neman tukunyarta ya cinye lokacin tafiya.

Sannan ki wanke hannu, ki sa safa, ki gwada ta. Abin da kike nema: buɗewa nawa, kai ya sauko ina, ƙasusuwan kan sun hau juna ko ba su hau ba, akwai cibiya a gaba ko babu. Sharaɗi ɗaya: mace mai zubar jini ba a sa mata yatsa, domin idan mabiyiya ce ta tare hanya, yatsanki zai ɓalle jinin da ba za ki iya tsayarwa ba.

Idan cibiya ta riga kai

Za ki ji ta a yatsa kamar igiya mai laushi tana harbawa, ko ki gan ta a waje. Kada ki yi ƙoƙarin cusa ta ciki, kada ki yi ta taɓa ta, domin jijiyoyinta na tsukewa da sanyi da taɓi. Ki sa matar ta durƙusa, ƙirji a ƙasa ɗuwawu a sama. Ki sa yatsu ki tura kan yaron sama ya ɗaga daga kan cibiyar, ki riƙe. Don tafiya mai nisa, ki sa robar fitsari, ki zuba ruwan gishiri mililita 500 cikin mafitsara ki ɗaure robar. Cikakkiyar mafitsara tana tallafe kan. Ki rubuta hakan da manyan baƙaƙe a takardar turawa don a sauke ruwan kafin tiyata. Abin da ya fito waje a rufe shi da tsabtataccen ƙyalle mai ɗumi da danshi. A mota, gefen hagu za ta kwanta, an tokare ƙugunta sama da matasai.

A karɓa a nan, ko a tafi

Ki ɗora yatsunki biyar a kwance saman ƙashin mara ki ga yatsa nawa kan yaron ya cika. Idan bakin mahaifa ya buɗe duka, kan da ake ji a sama bai wuce faɗin yatsa ɗaya ba, kuma yana saukowa da kowane yunƙuri, haihuwa a nan ta fi hanya sauri. Ki sauke mata fitsari, ta yi yunƙuri a durƙushe ko a gefe, ki yi ƙari idan fatar gaba ce kaɗai ta riƙe kan. Na'urar zuƙo kai sai wadda aka horar a kanta. Kada kowa ya hau cikinta yana dannawa, ba ya fitar da yaro, yana fasa mahaifa.

Idan ba ta buɗe duka ba, ko kai na sama yatsu biyu ko fiye, tafiya ce. Idan kuma ƙasusuwan kai sun hau juna ba sa rabuwa, kan ya kumbura, fitsari ya zo da jini, ko ciki ya rabu biyu da wani zobe a tsakiya, yaron ya maƙale, ba abin da zai fitar da shi sai tiyata. Yankan gishiri ba ya buɗe ƙashin ƙugu, jini da yoyon fitsari yake jawowa. Ciwon naƙuda da ya ɗauke farat ɗaya, mace ta yi gumi ta yi sanyi, ana jin gaɓoɓin yaron dab da fata, mahaifa ta fashe, yanzu ran uwar ake nema.

A ra'ayinmu, idan bugun ya gyaru bayan juyawa da ƙarin ruwa amma haihuwa na da sauran awanni, ko ruwan kore ne mai kauri, a tafi duk da haka. Gyaruwar nan lokacin tafiya ta sama miki. Idan kuma kin nemi bugun kin rasa, kada ki yi saurin cewa ya rasu. Wata ta saurara, a canja wuri, a tura don a yi hoto.

Dangi, waya da hanya

Ki yi wa mijin magana kai tsaye, a gaban surukar ko uwar da ta rako ta, da kalmomin da ba su da harshen damo: «Malam, yaron yana da rai amma ya gaji, zuciyarsa na sauka. A nan ba mu da abin fitar da shi. Idan muka tashi yanzu, in Allah ya so za a same shi.» Ga dattijuwar: «Inna, ba gazawarta ba ce, ta yi iya yinta. Ki taimaka mana a shirya kayanta.» Kada ki ɓoye cewa mai yiwuwa a yi aiki. Gara su ji daga bakinki, su yi shawararsu a mota, da su ji a ƙofar ɗakin tiyata a tsaya gardama. Wanda zai sa hannu ya shiga motar, da mutum biyu masu lafiya da za su iya ba da jini.

Asibitin da za a nufa shi ne wanda zai iya yin tiyata a wannan daren, ko da ba shi ne mafi kusa ba. Ki buga waya tukuna: akwai likita a ƙasa, ɗakin tiyata na aiki, akwai jini? Idan babban asibitin ƙaramar hukuma ya amsa, can ya fi. Idan ba haka ba, a wuce cikin gari, Asibitin Ƙwararru, ko na Mata da Yara na Maryam Abacha, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A waya ki faɗi abin a jere: shekarunta, haihuwa ta nawa, awa nawa tana naƙuda, buɗewa nawa, bugun yaron nawa kuma tun ƙarfe nawa, launin ruwa, awon jininta, abin da kika ba ta, da lokacin da kuke sa ran isa. Shi za ki rubuta a takardar turawa, ki haɗa da fatograf.

Maganar mota ba a daren ake fara ta ba. Lambar direbobi biyu ko uku na tashar garin ta kasance a rubuce a bangon ɗakin haihuwa, an riga an yi magana da su da mai gari kan kuɗin mai. Da damina, ki san wace hanyar fadama ruwa ke yankewa. A yankunan da tafiyar dare ke da haɗari, ki sassauta ma'aunin turawa: wadda kike shakka a kanta da la'asar, ta tafi da la'asar.

A cikin mota ta kwanta a gefen hagu, ba a zaune ba, ruwa na shiga, a daina ba ta abinci. Ma'aikaciya ta raka ta da kayan karɓar haihuwa, oksitosin na bayan haihuwa, tawul biyu, tocila, da jakar hura iska da murfin fuska lamba 0 da 1. Ki ci gaba da sauraro duk minti 15, ki rubuta.

Idan ya fito bai yi kuka ba

Jaririn da ya galabaita a ciki, ki sa ran zai buƙaci taimako, a ɗaki ne ko a gefen hanya. Ki gwada jakar a tafin hannunki tun kafin ya fito. Ki goge shi sosai da busasshen tawul, ki canja wani, ki murza bayansa. Ba a zuƙe baki da hanci sai idan kashi ko majina ta toshe su a zahiri. Kada a riƙe shi ta ƙafa a kife, kada a watsa masa ruwan sanyi. Idan bai yi numfashi ba, kafin minti ɗaya ya cika ki ɗaure cibiya ki yanke, ki kwantar da shi a wuri mai tauri da ɗumi, kai ya ɗan ɗaga kamar mai shinshina, murfi ya rufe baki da hanci, ki hura kamar sau 40 a minti da iskar ɗaki. Idonki a kan ƙirjinsa. Idan bai ɗaga ba, ki gyara zaman murfin, ki gyara kan, ki buɗe bakin kaɗan, ki ƙara matsa jakar. Wata kuma ta tsaya kan uwar ta yi mata allurar oksitosin, domin mahaifar da ta sha doguwar naƙuda ita ce ke sakin jini. Jaririn da sai da aka hura masa iska ya farfaɗo, a manna shi a ƙirjin uwarsa, a rufe kansa, a ci gaba da tafiya asibiti da su biyun.